Tafintar da Ta Mai da Kanta Likita

'Yan'uwana matasa, kafin in zama fursuna ni tafinta ce, kuma har gobe ina kewar wannan aiki. A lokacin ina zaune a Hyattsville, a jihar Maryland ta Amurka, da 'yata Hanifa, a wani ɗan gidan haya. Da safe in kai ta makaranta, in dawo in haɗa shayi, in zauna a teburin kicin ina jiran kira daga asibitoci. Likita na Turanci, mara lafiya na Hausa, ni ina tsakiya. Tsofaffi kan ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin zama bakina." Ran Asabar mu je shagon kayan Afirka sayen kuka da daddawa, ko'ina na juya sai gaisuwa. Ashe daɗi nake ciki ban sani ba.

Cikin waɗanda nake yi wa fassara har da matan da ke ganin likita ta bidiyo, ya rubuta musu ƙwayoyin zubar da ciki a aiko ta gidan waya. A Maryland doka ta yarda, wasu jihohin sun hana, ana ta shari'a a kai. Tambayoyin likitocin kuwa na ji su har na haddace.

Wata rana a gidan suna, wata da na taɓa yi wa fassara ta ja ni gefe. "Anti, ƙanwata ce. Ba ta son sunanta ya shiga kwamfutar kowa. Ke ma ai kin san komai." Maganar ta yi min daɗi. Na yi odar ƙwayoyin ta intanet daga ƙasar waje, na ba ta, aka rabu lafiya. Daga nan lambata ta shiga hannun mata. Na fara karɓar kuɗi, na buɗe shafi a intanet na sa hotona da farar riga irin ta likitoci. Ana kirana Dakta, ban taɓa gyara wa kowa ba.

Sai Balkisa, wata 'yar Nijar mai kitso a garin Manassas. Kafin in aika mata ƙwayoyin, ta ce, "Dakta, gefen dama na cikina na yi min ciwo." Na san abin da likita ke faɗi a nan, da bakina na sha fassara shi: je ki asibiti a yi miki hoton ciki. Amma in ta je, asirina ya tonu. Na ce, "Ba komai, laulayi ne." Na aika mata ƙwayoyin.

Ashe cikin a wajen mahaifa ya zauna, inda ƙwayoyin ba sa aiki. Tana tsakiyar kitso ta yanke jiki ta faɗi. Da ƙyar tiyata ta ceci ranta. Da aka tambaye ta sunan likitarta, nawa ta faɗa.

A kotu alƙali ya ce min, "Mutane na gardama kan ko ya dace likita ya rubuta maganin nan daga nesa. A kanki babu gardama, domin ke ba likita ba ce."

Na yi zamana a gidan yari, yayata ta riƙe Hanifa a Germantown. Yanzu na fito, ina sharar ofisoshi, ina neman gafarar Allah. Na aika a roƙar min Balkisa. Amsar da ta aiko ita ce, "A ce mata na ji."

Ku ji ni da kyau. In an yabe ku da sanin da ba ku da shi, ku ce ba ku sani ba tun a ranar. In 'yar'uwa ta zo muku da ciwo, ku raka ta wurin likita na gaskiya, ko da kunya za ku ji. Kunya tana wucewa. Ni abin da na yi wa Balkisa bai wuce ba.