Farashin da Na Rufe a Ambulan

Shekarun baya, ina kwandasta a motar gwamnati mai bin unguwar Nima zuwa unguwar Madina, sai aka tara mu a gareji aka ce za a yi tenda. Duk mai son tafiyar da motocin ya rubuta abin da gwamnati za ta riƙa biyansa, ya rufe a ambulan. Mu ma'aikata ma an ce muna iya haɗa kai mu nema.

Tun ranar ƙafata ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. Ina yanka tikiti ina ganin motocin sun zama namu, an yi musu koren fenti, iska tana kaɗa sababbin labule. Har kujera na zaɓa wa kaina a zuci, mai juyawa, kusa da taga. Sau biyu na wuce da fasinja tashar Maamobi, ina can ina zagaya ofishin da ba a gina ba.

Abokina direba, wanda ya girme ni nesa, shi ba ruwansa da fenti. Shekara uku suka rage masa ya yi ritaya. In hanyar ta zauna a hannunmu, zai cika shekarunsa ya sami fansho. In ta suɓuce, ya yi wahalar banza.

Da yake ni ne mai kyan rubutu, ni aka damƙa wa takardar. Bayan la'asar ni da abokan aikina muka zauna ƙarƙashin bishiya muka lissafa mai, taya, albashi, har da hutun Juma'a, muka fitar da farashi na gaskiya. Na tafi da shi gida in kwafe.

Mahaifiyata, mai sayar da doya a Kasuwar Malam Atta, ta sa na karanta mata.

"Wannan ne kuɗin ƙarshe?"

"Shi ne, Mma."

"Kuma shi za ka fara faɗa? Kai ɗan wa ne? Gomnati ma mai saye ne. Sa sama, in ya ce rage, ka rage. In ba haka ba zai raina ku ƙwarai paa."

Maganar ta zauna mini daram. Na ƙara kuɗin da kyau, na manne ambulan, ban gaya wa kowa ba, don ina so a yaba wayona daga baya.

Ranar buɗewa na sa kaftanin Sallah, na tanadi "albarka" a bakina. Jami'in gwamnati ya riƙa buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta kuɗin a takarda. Ina ta jiran ya ɗago ya taya. Sai kawai ya karanta mafi ƙanƙanta, na wani kamfani, ya rufe fayil.

Na ɗaga hannu. "Masa, ranka ya daɗe, ai ba a yi ciniki ba."

"Nan ba kasuwa ba ne," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Kuɗin da kamfanin ya ci da shi ya ɗan ɗara wanda muka fitar ƙarƙashin bishiya. Ni kaɗai na lura, don abokan aikina suna waje suna jira.

Kamfanin ya ɗebi matasa, biyan kullum, ba hutu, ba fansho. Ni ya ɗauke ni. Abokina aka ce masa ya tsufa, ya koma jan torotoro, ƙaramar motar haya ta wani. Duk sanda muka haɗu a tashar Madina sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanina, ka yi ƙoƙari. Kamfani ne ya fi mu ƙarfi."

Ban taɓa ganin laifin mahaifiyata ba, abin da ta sani ta ba ni. Ni ne na yanke wa mutane hukunci a ɓoye. Yanzu ko kuɗin biki aka ba ni in rubuta, sai na karanta wa kowa da ƙarfi, har ana yi mini dariya. Har yau kunyar ba ta sake ni ba. Abokina ya rasu yana gode mini, ni kuwa kowane lokaci "ba komai" nake ce masa.