Ranar da Na Yi wa Gwanin Ces Jere

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni sabuwar zuwa ce Amurka, muna zaune a Hyattsville ni da maigidana da ke karatu, a wani ɗan falat da in ka yi atishawa a falo sai a yi maka sannu daga kicin. A Zariya nas ce ni mai farin kaya, amma a nan takardata ba ta da amfani sai na sake jarrabawa. Kafin nan na shiga wani kamfani da ke tura mata gidajen tsofaffi su kula da su. Gara in faɗi halina tun farko: ban iya ganin abu a karkace in wuce ba. A danginmu duk amaryar da za a kai ni ake kira jere, in tsara kwanuka da tangaran a kabad, manya a baya ƙanana a gaba, har dangin ango su riƙe baki. Wannan hali ya sa gida biyu suka maido ni. A na farko na sauya wa tsohuwa tsarin kicin ta kasa gano gishirinta, a na biyu na zubar da wani cuku mai ɗoyi, ashe haka suke sayensa da ɗoyinsa. Manajarmu ta kira ni ofis ta ce ƙorafi na uku shi ne sallama. Aikin nan kuwa shi ne cinmu, shi ne hayarmu.

Gida na uku a Wheaton yake, na wani dattijo Bature da ya zo ƙasar tun yana matashi. 'Yarsa, wata lauya da kullum take sauri kamar an biyo ta, ita ta yi min bayani. Ta ce mahaifinta babban gwani ne a wasan ces, darar nan ta Turawa, ya kai matakin da babu na sama da shi, ya zaga ƙasashe yana gasa. Da girma ya zo sai ya koma rubuta littattafan koyar da wasan, kuma yanzu yana kan na ƙarshe. Idonsa ya yi rauni, dishi-dishi yake gani. Ta ƙara da cewa ta daɗe tana so ta kai shi gidan kula da tsofaffi, shi kuma ya ce muddin kansa na aiki ba inda za shi. Ni dai na ce to. A raina na ce ikon Allah, wato a ƙasar nan har dara ma sana'a ce, mu a unguwarmu wanda ya fiye zaman dara ko aure da ƙyar ake ba shi.

Baba nake ce masa, ya kuma ji daɗin sunan. Mutum ne mai sanyin hali da barkwanci, ga son shayi. Amma gidan! Wayyo Allah, gidan. Ko'ina alluna ne na ces: kan teburin cin abinci, kan kujeru, kan talabijin, saman firji, har da wani ɗan ƙarami a bakin tagar ɗakin kwanansa. Kowane allo da 'ya'yan wasan a warwatse, wani doki a nan, wani mai kama da turmi a can lungu, wasu ma an zube su a gefe. Ga ƙura ta yi musu rawani. Kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da yatsu, yana magana cikin wata 'yar rikoda. Ni a ganina tsufa ne kawai. Da na ɗauko tsumma ya ce in bar allunan, kada in wahalar da kaina. To ku gaya min, wace 'yar da ta samu tarbiyya ce babba zai ce mata kada ta wahalar da kanta ta koma ta zauna? A gidanmu in surukarki ta ce bari kawai 'yar nan, ai cewa take yi ki yi sauri. Na ɗauka kara yake min, har na ƙara ganin girmansa.

Ranar da 'yarsa ta tafi da shi asibitin ido, na ɗaura zani na ce yau gidan nan zai san mace ta shigo. Na kwashe 'ya'yan nan kaf na zuba a baho, na sa sabulun wanke-wanke mai ƙamshin lemo, na dirje su da tsohon buroshi har cikin kunnen dawakan. Na goge allunan na jera su a tsaye kamar farantai. Sannan na buɗe kabad ɗin gilashi na marigayiya matarsa na yi jere. Sarakuna a sama, matansu a gefensu, dawaki suna fuskantar juna, turame a kusurwa, ƙananan a gaba sahu-sahu, fari da baƙi, fari da baƙi. Wallahi ko yau na tuna sai na ce jeren ya yi kyau. Na ɗauki hoto na tura wa maigidana ina jiran yabo.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira, abin da ya fara yi salati ne. Shi ya ɗan taɓa wasan a jami'a. Ya ce min allunan nan ba warwatse suke ba, kowanne wasa ne da aka tsayar a tsakiya, kowane ɗa yana gidan da ya kamata ya zauna, kuma mutumin da ba ya gani da su yake karanta littafinsa, kowane allo darasi guda. Ya ce abin da na yi daidai yake da in shiga ɗakin malami in tattara takardunsa in wanke. Ya ce in sun dawo in faɗi gaskiya. Na ce masa gaskiya ba ta biyan haya, na kashe waya.

Nan na shiga mayar da 'ya'yan wasan kan allunansu. Na san dai kowane allo akwai farare da baƙaƙe, sai na yi rabo na adalci, kowa ya samu. Na sa kowane sarki kusa da matarsa, don ban ga dalilin raba aure ba. Ƙananan na mayar da su layin baya inda babu hatsari, yara ne. Da farare suka ƙare min a allon saman firji, sai na sa sarakuna biyu baƙaƙe, na ce su sasanta. Na ɗan karkata wasu don kada tsarin ya yi yawa. Har ƙura na so in mayar, na rasa inda zan samo ta, don na share gidan tas. Baba da 'yarsa suna shigowa na tarye su da sannu da zuwa da murmushi har kunne.

Washegari Baba ya sha shayinsa, ya ɗauki rikoda ya nufi allon teburi. Ina kicin ina leƙe, ina wanke kofin da na riga na wanke. Ya ɗora yatsu, ya shafa, ya tsaya. Ya sake shafawa. Ya matsa allo na gaba, ya daɗe a kai. Da ya kai na saman firji ya damƙi sarakunan nan biyu, ɗaya a kowane hannu, ya kawo su daf da idonsa, sai ya ajiye a hankali ya je ya zauna. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi rantsuwa. Amma faɗan bai zo ba. Ya ajiye rikodar, ranar ko abincin rana bai ci ba. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, har hamdala na yi, na ce asirina ya rufu.

Kwanaki suka wuce a haka. Mutumin da ke tsokanata kan yawan barkonon da nake ci ya koma shiru, ya daina bin allunan, sai ya zauna yana shinshina yatsunsa. Rannan ina ninke kaya na ji shi a waya da 'yarsa. Ya ce mata ta je ta duba gidan tsofaffin nan da take magana, ya yarda. Ya ce ciwon mantuwar da ya kama mahaifinsa ya iso gare shi, don ya shafa wasannin da ya buga da hannunsa, waɗanda ya yi shekaru yana koyar da su, bai gane ko ɗaya ba. Ya ce tabbas shi ya hargitsa su bai sani ba, tunda har sarakuna biyu iri ɗaya ya sa a allo guda, abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Littafin ma a bar shi. Ya ce mata kada ta damu, ya gode wa Allah da ya gane da wuri. Na tsaya da tawul a hannu, kunya ta rufe ni. Don kada a kore ni daga aiki, na bar bawan Allah yana shirin korar kansa daga gidansa.

Da na koma gida na gaya wa maigidana, bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai dube ni irin duban da ya fi maganar ciwo. Ranar Asabar 'yar Baba ta zo da kwalaye za a fara haɗa kaya. Na shiga falo na zube a gabansu gwiwa biyu, kamar yadda ake ba babba haƙuri a gida. Lauya ta zabura ta ɗauka suma zan yi, ta ɗauko waya za ta kira motar asibiti. Da ƙyar na tsayar da ita. Ina kuka ina ba da labari, Turancina ya watse, rabi da Hausa nake yi. Na faɗi baho, na faɗi buroshi, na nuna mata hoton jeren. Fuskarta ta yi ja wur, ta ce yanzun nan za ta kira kamfaninmu. Na ce shi ke nan, haya ta tafi.

Sai Baba ya tambaye ni ko ni na sa sarakuna biyu a saman firji, na ce ni ce. Ya tambayi dalilin da ya sa ƙananan suke layin baya, na ce don kada a cinye su. Sai ya fashe da dariya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na zuba, yana dukan hannun kujera. Ya ce ƙamshin lemon da yake ji a yatsunsa ma ya ɗauka cikin ciwon ne. Ya ce wa 'yarsa ta ajiye wayar nan ta kuma fitar masa da kwalayenta, ba inda za shi, kuma ba mai korar kowa, wadda ta ɓata ita za ta gyara. Nan take ya jingina ya rufe ido, ya fara kiran gidajen: farin sarki gida kaza, baƙin doki gida kaza, ni ina ɗorawa. Yana yi yana gaya mana garin da ya buga wasan, da wanda ya kara da shi, da kuskuren da yake so mai koyo ya gani a wurin. Ko gargada babu. Lauya ta zauna a kan kwalinta tana kallon ubanta, ita ma ta fara share ido.

A 'yan kwanaki muka mayar da allunan duka, sai ɗaya, ɗan ƙaramin nan na bakin taga. Da na kawo shi na ce Baba saura wannan, ya karɓa ya riƙe a cinyarsa. Ya ce wannan ba na littafi ba ne, wasansa ne da matarsa, suna cikin yi aka kwantar da ita asibiti, ba ta dawo ba. Ya ce ita ba ta iya wasan ba sam, duk inda ranta ya so take tura 'ya'yan, shi ya sa ba shi da tsarin da kai zai riƙe. Bai taɓa haddace shi ba, don kullum yana nan, in ya tashi da safe yakan shafa inda hannunta ya ajiye su. Ya gwada, ya ɗora ɗaya ya cire, ya ɗora wani ya cire, ya ce a'a. Daga baya ya miƙo min ya ce in sa shi a kabad ɗinta. Bai ƙara tayar da maganar ba har na bar gidan, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Littafin ya fito. A shafin ƙarshe ya sa hoton allon saman firji yadda na tsara shi, da sarakunana biyu, ya ce mai karatu ya nemo abubuwan da ba za su taɓa yiwuwa ba a ciki. Bai ambaci sunana ba, na gode masa. Yanzu na ci jarrabawata ina aiki a asibiti, ina ma ɗan buga ces ɗin, kodayake har yau ba na son a ci min ƙananan.

'Yan'uwana mata da ke shiga gidajen mutane aiki a ƙasar nan, ku ji daga bakin wadda ta gwada. In an ce ku bari, to bari ake nufi, ba kara ba ce. Abin da kuka gani a warwatse ku tambaya kafin ku ɗauko tsumma. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, ku faɗa a ranar, don shirun da na yi ya fi wankin cutar da Baba. Ni an yafe min, aikina bai tafi ba, har dariya ake yi in na ba da labarin a gidan suna. Amma ni na san inda dariyar take tsayawa. Wasanninsa na duniya duk sun dawo daga kansa, na matarsa kuwa ni na wanke shi da sabulun lemo.