Guɗar da Na Yi a Lyon

Shekara ashirin, duk wani aure ko suna na mutanenmu a unguwar Château Rouge ta Paris, ni ce maguɗiya. In na kama hancina na ɗaga kai, mahautan bakin titi ma sai sun leƙo.

Wata rana jikata, wadda ke karatu a Lyon, ta kawo mini wata Baturiya mai shirya wasan da suke ce wa opera, inda komi da waƙa ake faɗinsa. Labarin Girkawan dā ne: amarya ta mutu ranar aurenta, ango ya bi ta lahira ya ɗauko ta. Baturiyar tana son in yi guɗa lokacin da ake fita da gawa.

Na ce wa jikata, "Gaya mata ba a guɗa a kan gawa. Ko hauka nake?"

Sai ta samu wata. Kuma ba kowa ba, 'yar Maraɗin da na saukar a ɗakina na unguwar Goutte d'Or wata takwas, na koya mata inda ake ajiye harshe, kafin ta koma Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Nan da nan masu aure suka fara cewa, "Hajiya, wai ƙanwarki ta shiga opera!" Wasu har suka soma kiranta daga Lyon, ina zaune.

Na ce wa jikata ta yanka mini tike. Ranar Lahadi da azahar muka hau can saman benen gidan wasan. Lahirar tasu tashar metro ce, jirgin ƙarƙashin ƙasa, matattu sanye da kwat suna jiran jirgi. Aka ɗauko gawar amarya, sai ga mutuniyata cikin farin zane, ta rangaɗa guɗa. Gajera ce, ta karye a wuya, amma matar da ke gefena hawaye take yi.

Angon ya sha wuya, ya yi ta rera kukansa, daga ƙarshe aka mayar masa da matarsa da ranta. Suka rungumi juna. Na kasa kunne. Masu goge na ta goge, amma babu guɗa. Amarya ta dawo daga lahira, a ce ba mai yi mata guɗa!

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jikata na jan zanena tana, "Kaka, don Allah!" Na kama hancina na saki wadda ban taɓa yin irinta ba, doguwa, mai hawa uku. Da aka gama, ɗakin ya ɗauki tafi, kuma da mutuniyata ta fito gaba sai suka tashi tsaye. Sun zaci dabarar wasa ce, ita ta yi daga wani lungu.

A bakin ƙofa ta rusuna ta gaishe ni. Ta ce, "Yaya, tun jan numfashinki na gane ki."

Na ce, "To ki faɗa musu."

Ta yi dariya. "Wa zai yarda?"

Bayan sati biyu, a wani suna a Paris, wata da ta je kallon take ba matan wurin labari a gabana: ta farkon ba laifi, amma guɗar ƙarshe da 'yar Maraɗi ta yi, ko Hajiya ba ta taɓa yin irinta ba. Na ce mata lallai ban taɓa ba. Auren 'yarta, ba ni ta kira ba, 'yar Maraɗin ta kira.