Mazarin Inna a Buhun Malam

A shekarun da makarantun boko suka cika ƙauyuka, ina aji uku a Kwandiko, malaminmu na Turanci ya zo da wani wasa. Ya kawo wankakken buhun gishiri, ya ce kowa ya zo da abu ɗaya daga gida a zuba a ciki, ya gaya mana sunan kowanne da Turanci. Ranar Alhamis sai a ɗaure wa yaro ido da ɗankwali, ya sa hannu ya ciro abu ya faɗi sunansa. In ya faɗa daidai a tafa masa, a mayar wa mai abu kayansa. In ya kuskure, abin ya koma buhu. Ba a yarda ka ciro naka ba.

Inna ta ba ni mazarinta na kaɗi, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Ta ce, "Ki dawo mini da shi kafin a fara cirar auduga."

Cokula suka koma gida, kofi ya koma, har kwaɗon ƙofar wani yaro. Mazari yana nan. Yara suna laluba buhu, da sun ji tsininsa sai su sake shi, don sunan yana da wuya. Ni kuwa tun ranar Laraba nake fara tunanin mazarin. Ko ya karye a ƙarƙashin kayan mutane? Ko ɓera ya ci buhun?

A hanyar rijiya na roƙi ƙawata, 'yar mai shayin bakin kasuwa, ta ciro mini shi.

"Ke dai kin cika tsoro," ta ce. "In na kuskure a yi mini dariya, ke za ki rama mini? Wa ya aike ki kawo abin tsofaffi?"

Na je wurin Malam. Ya ce, "Yarinya, in na ba ki naki, kowa zai zo karɓar nasa. Ki yi haƙuri, ana dab da cirowa."

Aka ciri auduga. Inna ta ari mazarin maƙwabciya, ta ce ba ya zama a hannunta, zaren sai tsinkewa yake yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Kowace Alhamis dai takan dubi hannuna in na shigo, sannan ta ce in je in ci abinci. Daga baya ciwon ƙirji ya kama ta, aka kai ta asibitin Birnin Kudu a bayan motar kasuwa. Gawarta aka dawo da ita.

Da na koma makaranta bayan sadakar bakwai, Alhamis ta zo, aka ɗaure wa ƙawata ido. Ta daɗe tana laluba buhu, ta ciro mazari, ta faɗi sunan daidai. Ashe duk kwanakin nan tana ta haddace shi. Yara suka fara tafi kamar kullum, sai tafin ya mutu. Malam ya miƙo mini shi da hannu biyu.

Na isa gida na tarar gwaggonnina sun kwashe kayan ɗakin Inna, sun share shi, sun janye tabarmar ƙofa. Na tsaya a bakin ɗakin da mazari a hannu, na yi sallama.