Doña Casilda, Wadda Ta Cinna wa Rufinta Wuta

Kafin rana ta leƙo ta kan dutsen gabas da Tako Mayu, Doña Casilda Saigua ta riga ta ƙulle dafaffiyar masararta a bakin mayafi, ta ɗauki kayan aiki: kwalba mai murfi, tocila, da 'yar waya da ta lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya. Ba ta doguwar gaisuwa. Tana shiga gida za ta janye gado daga bango, ta ɗaga buzun tumaki, ta sauke hoton waliyyi, ta zura wayar cikin kowace tsaga. In ta tarar da kaza tana kwanci a ƙarƙashin gado, sai ta kamo ta ta miƙa wa matar gida, ta tambaya ko ita ma an yi mata baftisma ne da take kwana cikin mutane. Binchuka take nema, faffaɗan ƙwaron nan mai duhu da ke saukowa ya sha jinin mai barci. Yara na kiran ta Mama Binchuka, tana kuma amsawa.

Shekara kusan ashirin ke nan tana wannan zagaye. A watan da ya wuce ta ajiye kwalbar, shi ya sa na ga ya kamata a rubuta abin da idanunmu suka gani, tun tana da rai ta ji.

Da binchuka muka tashi, kamar yadda kowa ya tashi da ƙuda. Kakanninmu ma cewa suke yana rage wa mutum mugun jini. Ba wanda ya taɓa haɗa cizonsa da irin mutuwar da ke ɗauke mana mutane a tsaye. Magidanci ɗan arba'in, ƙarfinsa bai tafi ba, sai a ji ya faɗi a gona, a ce zuciyarsa ce ta gaji. Haka Benigno, mijin Casilda, ya tafi yana riƙe da garma. Shanun suka ci gaba da tafiya har ƙarshen kunya ba tare da shi ba.

Bayan rasuwarsa ne wata ƙungiyar agaji ta shigo garinmu. Ta ja mana ruwan famfo daga maɓuɓɓuga, ta gina ajujuwa da ɗakin shan magani, ta buɗe ajin manya inda irinmu muka koyi riƙe alƙalami da furfura a ka. A wurin ma'aikaciyar jinyarsu Casilda ta fara jin cewa ƙwaron na barin cuta a jini, cutar ta kwanta shiru shekaru tana cin zuciya, kuma in an kama ta da wuri a jikin yaro tana jin magani. Waɗanda ke kusa da ita sun ce hular Benigno da ke hannunta take ta juyawa. Da aka nemi wanda zai riƙa zagaya gidaje da kwalba, ita kaɗai ta miƙe.

Ƙungiyar ta ba kowane gida farar ƙasa da kwanon rufi, da sharaɗi guda: a yaɓe bango, a yaye tsohon rufin ciyawa a ƙone shi, domin can ne gidan ƙwaron. Muka yi godiya, muka yaɓe bango. Amma rufi?

A wurinmu mutum ba ya baibaye ɗakinsa shi kaɗai. Yakan zaɓi wanda yake ganin girmansa ya roƙe shi ya ɗaura ƙullin farko, ya kafa ƙaramin gicciyen ƙarfe a tsakiyar rufin. Daga ranar sun zama kompadre, matansu kuwa komadre, zumuncin da ya fi na jini nauyi. Ka yaye wannan rufi ka sa masa wuta, tamkar ka ce wa mutumin hannunsa ƙazanta ne. Ba mu iya faɗa wa baƙi haka ba, kunya ta hana. Sai muka samo dabara, kuma a lokacin har yaba wa kanmu muka yi: muka shimfiɗa kwanon a kan ciyawar, muka yanke gefen da ke leƙowa, muka danne da duwatsu, muka bar wa gicciye kafar fitowa. Wanda ya tsaya a hanyar mota zai ga gari na ƙyalli. Baƙin suka zo suka ɗauki hotuna, aka yanka rago, suka wuce gari na gaba. Mun yi kitso da ƙwarƙwata.

Casilda ma haka ta yi. Rufinta Benigno ne ya baibaye shi, kuma Don Melitón Paco, amininsa tun kiwon tumaki, shi ya kafa gicciyen. Sai dai ita ce ke riƙe da kwalbar, kwalbar kuwa ba ta daina cika ba. Bango fari fes, ƙwaro na nan. Ta yi ta magana gida-gida, ana ba ta wurin zama, ana gyaɗa kai, ana raka ta ƙofa.

Wata safiya ta shiga gidan Don Melitón ta tarar da jikarsa Nélida, da ko yaye ta ba a yi ba, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ta san alamar. Ta koma gida ta ɗebo ganyen koka mai kyau, wanda muke taunawa kuma muke miƙawa in za mu roƙi abu mai nauyi, ta dawo ta durƙusa gabansa kamar mai neman aure wa ɗanta, ta roƙe shi abu biyu: a kai yarinyar birni, kuma ya zo ya sauke gicciyen gidanta da hannunsa, tunda wanda ya kafa shi kaɗai ke da ikon taɓa shi. Ya ƙi karɓar ganyen. Ya ce idon yarinya iska ce ta buge shi, tsohuwarsa za ta shafa mata ganye.

"Komadre," in ji shi, "tun da aka ba ki kwalba kika zama likita? Ni da marigayi muka ɗaure rufin nan. Ciyawar da ya yanko da hannunsa ita ce ta rage miki, ita za ki ƙone saboda ƙwaro?"

"Ƙwaron da ya kashe shi, kompadre."

"Allah ne ya ɗauke shi. Ki je ki kama kajin mutane, ki bar mana matattunmu."

Ranar Lahadi, safiya ba iska ko kaɗan, muna fitowa daga coci muka hangi kayan ɗakinta a tsakar gida, gado da tukwane da akwati. Ta ture duwatsun, ta zame kwanon ƙasa. Tana tsaye a kan tsani da bakin wuta a hannu. Ta jira sai da muka taru, sannan ta cusa shi cikin ciyawar.

Wasu suka ruga neman bokiti, a zatonsu baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ba su kai famfo ba suka tsaya. Tun kafin wutar ta kama sosai, hayaƙi kawai ya ratsa ciyawar, sai bangon nan fari ya fara yin baƙi daga sama. Na rantse na ɗauka toka ce. Ashe su ne. Manya da ƙanana, suna gangarowa kamar an farke buhun baƙin wake, wasu cikinsu tim da jini, suna faɗowa tsakar gida suna watsuwa ta ƙafafunmu. Kajin unguwa suka yo ca. Ɗaki guda ke nan, na mace mafi tsabta a garin, wadda ke duba gadonta kullum. Na ga mata suna janyo goyonsu daga baya zuwa ƙirji. Na ga wani ƙaton manomi ya juya ya kalli rufin gidansa da ke ƙyalli a gangare, ya cire hula, ya zauna a ƙasa. Duk wanda ke wurin, lissafi ɗaya yake yi: wa ya kwana ƙarƙashin irin wannan jiya, kuma wa muka binne?

Rufin ya rufta, gicciyen ya faɗa cikin garwashi. Don Melitón ya ratsa mutane, ya tono shi da sanda, ya naɗe shi a bargonsa tun yana da zafi. Bai dubi Casilda ba. Ya wuce.

Washegari uwar Nélida ta hau motar kaya da yarinyar, ba ta nemi izinin kowa ba. Casilda kuwa ta aika wa ƙungiyar gaskiyar abin da muka yi. Suka dawo, suka leƙa ƙarƙashin kwanon gida guda, shugabarsu ta fito ta jingina da bango. Ba su yi mana faɗa ba, sun kawo katako da masu feshi. Amma ba su ne suka warware ƙullin ba. Casilda ce ta riƙa bin gidaje tana cewa abin da ta roƙi kompadrenta ya ƙi, kowa ya je ya roƙi nasa: ya zo ya sauke gicciye da kansa, ya kwance ƙullin farko, ya sake kafawa a sabon rufi. Wanda ya ɗaura in shi ya kwance, ba a raina kowa ba. Maza suka gane rufi ɗaya zai ba su walima biyu, har wani ya ce in haka ne a riƙa sauya rufi kowace shekara. Kafin damina biyu ba sauran tsohuwar ciyawa a Tako Mayu. Don Melitón ne na ƙarshe, ya yaye nasa ba tare da ya gayyaci kowa ba.

Gida ɗaya ya rage ba gicciye, shi ne nata. Mu da muka amfana, mu ne muka riƙa ƙaurace masa. Aka daina roƙon ta ta riƙe jariri a coci. In hadari ya taso, maƙwabta su kira yaransu daga tsakar gidanta, don tsoron tsawa a gidan da ba gicciye. Da yawa sun so kafa mata wani, ta ce tana da kompadre, bai mutu ba. Shi kuwa in sun haɗu a famfo sai ya tsaya gyaran igiyar jakinsa har ta wuce. Ranar tunawa da matattu kowannensu kan kai wa Benigno burodi a kabarinsa, ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ke ce kika ɗauki wannan, Doña Casilda, shekara da shekaru, kuma kullum da safe kika shiga gidajen masu gudun gidanki kika janye musu gado. Ke ce kika ƙone abin da ya rage miki na mijinki don 'ya'yan wasu su yi furfura. Ba mu taɓa jin kin yi gori ba.

A watan jiya likitoci suka zo suka ɗebi jinin 'yan makaranta. Da sakamako ya dawo, aka tara mu a filin makaranta aka ce ba a sami cutar a jikin ko ɗaya ba. Ana cikin tafi da guɗa Casilda ta miƙe za ta yi magana, sai ta tafi luu, aka tare ta. Da likita ya gama sauraron ƙirjinta ya fito yana tambaya wa ya bar matar nan tana hawa tsani da duwatsu da zuciya irin wannan. A nan tsohuwar ma'aikaciyar jinyar, da ta zo bikin, ta sunkuyar da kai. Ta ce tun gwajin farko, kafin gobarar, an gaya wa Casilda tana ɗauke da cutar kuma ta riga ta taɓa zuciya. An ce ta huta. Ita ta roƙa kada a faɗa, don in mutane suka sani za su ce mai kwalbar ma ba ta tsira ba, me ya yi saura.

Kunya ta rufe mu a filin nan. Mu da ke tsokanar ta in ta tsaya haki a hawa, muna cewa tsufa ya zo wa Mama Binchuka.

Ranar da za ta miƙa kwalbar, muka taru a tsakar gidanta. Nélida ce ta karɓa, wadda yanzu ta zama cikakkiyar mace, idanunta biyu garau. Ana cikin haka mutane suka ja gefe suka buɗe hanya. Don Melitón ne, ya rankwafa, yana dogara sanda, da ƙunshi a hammata. Ya ce wa jikarsa ta ajiye kwalbar ta riƙe masa tsani. Ya warware ƙunshin: gicciyen ne, baƙi ƙirin, hannu ɗaya a lanƙwashe yadda wuta ta bar shi. Wani ya ce a kai wa maƙeri ya miƙar da shi tukuna. Ya ce a'a, haka zai hau, kowa ya gani.

Casilda na zaune a kujera, an rufa mata bargo a gwiwa.

"Kompadre, sauko. In ka faɗo a gidana, shi ma ni za a ce."

"Ke da likita ya hana hawa, ki bar masu lafiya su yi aiki," in ji shi daga kan tsanin. "Wa ya buga miki kwanon nan? A karkace yake."

"Ni na buga. Wanda ya iya bugawa, fushi yake da ni."

Ya daɗe a sama yana murɗa waya da yatsun da ba sa jin magana, ba kuma wanda ya isa ya ce zai taimaka. Da ya sauko ya tsaya gabanta, ya miƙa tafin hannu. Ta dube shi ba ta gane ba. Ya ce ganyen da ta kawo masa wancan karon ya ƙi karɓa, ko ta ba wani? Ta zaro jakar kokarta daga ƙirji, ta zuba masa, ya karɓa da hannu biyu.

Mun gode, Doña Casilda. Ruwa da makaranta da kwano baƙi ne suka kawo, Allah ya saka musu, amma abin da ke ƙarƙashin kwanon sai ɗan gari ya iya yaye shi, kuma ke kika biya farashin. Yanzu kina zaune a ƙofa kina ɓarar masara, kina yi wa Nélida tsawa in ta manta tocila. Allah ya ƙara wa zuciyar nan kwana. Ku kuma masu karatu, a kowane gari kuke, ku leƙa ƙarƙashin abin da ke ƙyalli a gidajenku. In akwai wanda ya daɗe yana gaya muku gaskiyar da ba ku so, ku je ku gaishe shi yau, tun yana iya zuba muku ganye a tafin hannu.