Gahawar da Bappayo Ya Shuka a Njuwa

Bappayo haifaffen unguwar Makama ne a Yola, amma ƙuruciyarsa a hanyar Mambila ta ƙare, yana kora jakunan fatake. A can kan dutse, cikin sanyi da hazo, ya koyi shan gahawa. Da aka samu 'yancin kai ya gaji da yawo, ya kafa tebur a kasuwar Jimeta, yana soya 'ya'yan gahawar da ake kawo masa daga Gembu ta kan dutsen Mambila, ya daka, ya dafa da citta. Mutum ne mai gudun magana. Ko ɗan doka ya gani daga nesa, sai gabansa ya faɗi.

Burinsa ɗaya ne, ya shuka tasa. Ya samo dashe daga Gembu, wani direba kuma ya kawo masa wasu daga kudancin Kamaru. Ya dasa su duka a inuwar mangwaro, a lambunsa na bakin tafkin Njuwa. Zafin bazara ya kashe na Mambila ƙurmus. Na Kamaru suka rayu da ƙyar, da ban ruwa safe da yamma, sai bayan shekaru suka ba shi abin da bai cika ƙwarya ba.

Wannan ta farin ya ga ba wanda ya cancance ta sai surukinsa, Modibbo Haladu, dattijon da ya saba shan ta Mambila a hannunsa. Da hantsi ya dafa ta da kauri, ya kai masa zaure. Modibbo ya kurɓa, ya yamutsa fuska, amma don kara ya shanye, har ya karɓi ƙari.

Can sai jikinsa ya rikice. Gumi ya keto masa, ya dafe ƙirji.

"Bappayo," ya ce, "me ka zuba mini? Zuciyata za ta fito."

"Wallahi, Modibbo, gahawa ce kawai."

'Ya'yan gidan suka yo kansa. Babban ya shinshina butar, ya ɗanɗana, ya tofar. "Wannan ɗacin ba na gahawa ba ne," ya ce. Wani ya ambaci sammu, wani ya ce a kira 'yan doka. Bappayo ya durƙushe a bakin zaure. Yana jin kukan mata daga cikin gida, har da muryar matarsa Asta. Abin da ya fi razana shi, shi ma ya fara zargin kansa. Ko wani mugun abu ne a ƙasar lambun? Ko itacen da ya yi ta shayarwa ba gahawa ba ne sam?

Asta ce ta tuna da Malam Zadok, malamin gona da ya yi aiki a Gembu, wanda kullum yake tsayawa a teburin mijinta. Aka ɗauko shi a keke. Ya murza ragowar 'ya'yan gahawar a tafinsa, ya kurɓi ta butar a gaban kowa.

"Ba guba ba ce," ya ce. "Gahawa iri biyu ce. Ta kan dutse tana nuna a hankali cikin sanyi, shi ya sa take da ƙamshi da laushi. Wannan ta ƙasar zafi ce, tun asali ta fi ɗaci, ta fi bugawa. Ga ranar Yola ta gasa ta, ga Baba ya sha da yawa. A ba shi ruwa, a kira malamin asibiti ya duba shi."

Sai bayan la'asar Modibbo ya dawo daidai. Ya sa aka shigo da Bappayo, wanda bai motsa daga inda yake ba, ya ce a gaban 'ya'yansa kada ya ƙara jin maganar.

Amma ta riga ta kai Jimeta. An daɗe wasu na ratse teburinsa, shi kuma duk wanda ya yi tari da finjali a hannu sai jikinsa ya yi sanyi. Ya koma dafa ta Mambila, ya rage mata kauri. Shekarar da aka raba Jihar Arewa maso Gabas idonsa ya raunana, ya bar kasuwa. Ya rasu a Makama, a hannun Asta.