Mai Keken da Ya Bi Gulbi

Ubana mutum ne mai ƙafar yawo. Shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ana tsakiyar bazara, lokacin da ko jaki sai da bulala yake barin inuwa, ya ɗaure tabarma da gorar ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli a bayan kekensa, ya ce zai bi Gulbi ya ga inda ya ƙare. Ba fatauci ba, ba ziyara ba. Wai tun yana yaro yake ganin ruwan nan yana wuce Madarunfa kowace damina ko sallama babu, yana son ya san gidan wa yake zuwa. Ya yi alkawarin dawowa kafin shuka. Innarmu ta yi faɗa har muryarta ta dushe, maƙwabta suka ce Allah ya shirya. Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, ita ce Kaka, wadda ta haife shi.

Shi ne ɗanta na fari, kuma Kaka ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar ko ya ci ko ya sha. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Ni dai haushi abin yake ba ni. Na ɗauka tsohuwar ba ta damu ba ko zai dawo ko ba zai dawo ba.

Wa yake zama kusa da wuta da bazara? Mu ne. In an idar da magariba an ci tuwo, Kaka takan jawo sauran garwashin murhu ta watsa masa ɗanyen ganyen dogon yaro, don hayaƙin ya kori sauron da ke tasowa daga tafki. Ni da ƙannena biyu mu baje a tabarma, gumi na bin wuyanmu. Daren da Baba ya tafi, ta ajiye tatsuniyoyin da muka saba ta ɗauko sabuwa.

"Ku buɗe kunne, ga wata ta taso daga nesa," in ji ta. "An yi wani mutum mai keke."

"Mi sunanshi?" ƙanena ya tambaya.

"Kai, cika ni da surutu. Bai da suna."

A tatsuniyar, Gulbi wani tsoho ne da ke barci ƙarƙashin yashi duk tsawon rani, mai keke kuma yana tafiya a gefensa a hankali don kada ya tashe shi. Yakan kama hanya tun tauraron asuba bai ɓace ba. In rana ta take, ya sauka a gindin gawo, ya rage wa tayoyinsa iska don kada zafi ya fasa su, ya kwanta yana kallon kawalwalniya tana rawa can gaba kamar ruwa. In ƙishirwa ta dame shi ya tona yashi tsawon hannu, ya jira, ruwa ya tsattsafo mai sanyi. Wannan, in ji Kaka, gumin tsohon ne. Kowane dare sai ta ƙara masa zango. Yau ya wuce Safo masu lambu sun cika masa hula da mangwaro, gobe wata Bafulatana ta ba shi nono a gindin giginya. Wata rana iska ta tura shi har ƙafarsa ta daina juyawa, keken na tafiya shi kaɗai, balbelu suna raka shi. Ni kan yi barci da ƙarar sarƙar keken a kunnena.

Abu guda ne ba ta taɓa tsallakewa. Yashin tsakiyar Gulbi ya fi ko'ina sanyi da laushi da dare, amma wanda ya kwana a kansa ya sayar da ransa, domin tsohon ba ya shawara in zai farka. Ruwa kan sauka can nesa wajen Jibiya, nan sama tar, sai dai a ji shi ya iso.

Na taɓa tsokanarta. "Kaka, ke da ba ki taɓa wuce kasuwar Maraɗi ba, ina kika san duk wannan?"

"Takwara, bakinki ya hi ki girma," ta ce, ta ci gaba da fifita.

Mako uku muna haka. Sannan wani dare muka ga walƙiya can kudu, shiru, ba tsawa. Washegari da hantsi yara suka shigo gari da ihu, Gulbi ya taho. Muka ruga bakin gaɓa. Ruwa ja, da kumfa, da kututturai, har da wata akuya da ya shaƙe, duk ya nufi inda Baba ya nufa. Innarmu ta ɗora hannu a ka tana salati. Kaka tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Da magariba ta zuba ganye a wuta yadda ta saba. Ta ce, "Mai keke dai..." Muka jira. Hayaƙi ya yi sama ya ƙare, ba ta ƙara ko kalma ba. Na ga ta ajiye mafici, tsoro ya kama ni irin wanda ko ruwan bai ba ni ba. Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Mai keke ya gaji," na ce, "ya ga yashi mai sanyi, har ya shimfiɗa tabarma."

"Daɗa, sai mi?" Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Sai ya naɗe ta, ya tura kekenshi bisa tudu ya kwana can. Don ya tuna uwarshi ta gargaɗe shi."

"Ba ta hwaɗa mishi ba, takwara," ta ce. "Da za shi tahi, ba ta ce mishi komi ba."

"To, shi dai ya ji," na ce. Na yi ta zuba, na ba shi rana, na ba shi inuwa, na juyo da shi gida. Kaka ta saurara har ƙarshe kamar ƙaramar yarinya.

Kwana shida bayan nan Baba ya shigo a ƙafa, ya yi baƙi ya rame, yana tura keken da ya cusa wa tayar baya busasshiyar ciyawa. Bai ga ƙarshen Gulbi ba, ruwa ya datse masa hanya. Mun riga mun yi shuka ba shi. Kaka na jin sallamarsa ta tashi ta shige ɗaki, daga can ta ce da Innarmu, "A ba wancan ruwa."

Na daɗe ina ɗaukan tatsuniyar a matsayin gargaɗi kan kwana cikin Gulbi. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane cewa wurin da al'ada ta hana ta magana, nan ta haƙa wa kanta 'yar ƙofa, kuma kowane dare ta bi ɗanta zango-zango da baki. Ina kiran nawa da sunansa, amma ban ga laifinta ba. Tausayinta nake ji, da kewarta.

Shekaru bayan rasuwarta na je gaishe da Baba, ya tsufa idonsa ya yi rauni. Cikin hira na ambaci mai keke. Ya ce wane mai keke? Ashe duk tsawon nan ba wanda ya taɓa gaya masa. Na ba shi labarin tun daga gindin gawo har daren da Kaka ta kasa ci gaba. Da na gama ya goge fuska da bakin riga, ya matso da kujerarsa kusa da ni.

"Ɗiyata," ya ce, "koma farko. Hwaɗa mini yadda ta hwaɗe shi."